Kwalbar da Aka Ɗauraye

Birnin Kudu,
12 ga Yuli, 1976.

Zuwa ga ƙanena Abdulsalami,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Mu ma muna nan, sai abin da ba a rasa ba. Turai tana gaida kawunta.

Wata uku ba ka rubuto ba, tun da aka kawo muku injin nan da ka cika mana kunne da labarinsa ranar Sallah. To, yau ranarsa ta zo, mu ga ko yana da wani amfani ban da shan lantarki.

Tun farkon damina ciwo ya shigo unguwarmu, zazzaɓi da gudawa da murɗar ciki. An kwantar da mutum tara a asibiti, Malam Iliyasu mai ɗinki kuma Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata. Yanzu bakin mutane ya koma kan Inna Hajjo. Wai duk wanda ya kwanta, a wurinta yake shan fura da nono. To, a wurin wa za su sha? Shekara ashirin da biyar tana zama a gindin durumin ƙofar gidanmu, kusa da rijiyar Baba, duk unguwar nan nononta ta sani. Jiya ta taso tun daga Unguwar Ya da ƙwarya a ka, ta wuni, ta koma da ita a cike. Har wata marar kunya ta tofar da yawu a gabanta.

Ba sai na tuna maka ba, amma zan tuna maka. Lokacin da Innarmu ta rasu kana da wata huɗu, matar nan ce ta ɗauke ka ta shayar da kai tare da ɗanta Manu har aka yaye ku. Duk wannan ƙaton kan da kake taƙama da shi a Kano, da nononta aka gina shi.

Ka ce injinka yana gane ƙwayar cuta. Ka gwada nononta, ka rubuto takarda mai hatimi in kai wa mai unguwa, a rufe wa mutane baki. Kada ka ce mini aiki ya yi yawa.

Ka huta lafiya.
Yayarka,
Ruƙayyatu.

*

Ɗakin Gwaje-gwaje, Kano,
16 ga Yuli, 1976.

Zuwa ga Yaya Ruƙayyatu,

Gaisuwa da girmamawa. Na sami wasiƙarki, raina ya ɓaci ƙwarai da abin da ake yi wa Inna. Allah ya jiƙan Malam Iliyasu.

Kin yi sa'a, asibiti ya riga ya aiko mana da abin da aka ɗauka daga jikin marasa lafiyar, na kuma gama aiki a kansa. Tunda ke malamar makaranta ce, bari in yi miki bayani, ko kya daina raina mini inji. Mukan shafa ɗan abin da aka kawo a kan wani abinci mai daskarewa cikin faranti, mu rufe kwana biyu. Kowace ƙwaya sai ta hayayyafa har ta zama ɗigon da ido zai gani. Sai mu kankare ɗigon, mu wanke, mu busar da shi a kan ɗan falle mai kama da gilashi. Daga nan inji ya haska shi da hasken infirared. Ido ba ya ganin wannan haske, amma fata tana jin sa, shi ne ɗumin da ke dukan fuskarki idan kin matsa kusa da garwashi. Kitsen jikin ƙwayar ya shanye wani ɓangare na hasken, sukarinta ya shanye wani, namanta ma haka. Alƙalamin injin yana jan layi a takarda, duk inda aka sha haske sai layin ya nutse. Kowace irin ƙwaya da nata zanen. Zanen wadda ta kwantar da mutanenmu yana nan a aljihun teburina.

Nono dama cike yake da ƙwayoyi, su ne ke sa shi tsami, waɗannan ba ruwanmu da su. Waccan guda ɗayar nake nema, na kuma tabbata ba zan same ta ba.

Ga kwalabe biyu nan na ba Maikuɗi direban bas. Na dafa su a tukunyar tururi, na toshe. Mai jan zare a wuya, ki zuba mata nono kai tsaye daga ƙwaryar Inna, kada yatsa ya taɓa bakinta. Mai farin zare ba a zuba mata komai, ta je ta dawo tare da 'yar'uwarta, ita ce shaidarmu cewa kwalaben ba su ɗauko wata ƙwaya a hanya ba. Ki ba Maikuɗi su a ranar.

Ki gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, ɗanta yana nan.

Ƙanenki,
Abdulsalami.

*

Birnin Kudu,
2 ga Agusta, 1976.

Abdulsalami,

Gaisuwa, don dai addini ya ce a yi.

Na karanta 'yar takardarka mai layi huɗu. "Zanen ya dace da na marasa lafiya. Doka ta tilasta mini in sanar da ofishin lafiya. Ki yi haƙuri." Shi ke nan? Ko kuka ba ka rubuta ka yi ba?

To, bari in ba ka labarin abin da dokarka ta haifa. Ranar kasuwa duba-gari ya zo da ɗan sanda ɗaya da maroƙi. Maroƙin ya karanta takardarka da Hausa a tsakiyar kasuwa, sunan Inna sau uku, sunanka a ƙasa. Daga nan suka nufo gindin durumi. Duba-garin ya kifar da nonon a ƙasa, ya sa takalmi ya fasa mata ƙorai biyar, har da babbar nan mai zane da ta zo da ita daga gidansu. Ya ce kada ya sake ganin ta da talla a garin nan. Ni ina tsaye a soro ina kallo.

Inna ta tsugunna ta tsince sakainun ta ɗaure a gefen zanenta. Da ta zo wucewa ta kalle ni ta ce, "Ruƙayya, wane Abdulsalami ne ya sa hannu?" Na ce namu ne. Ta ce, "To."

'Ya'yan Malam Iliyasu sun ce ita ta kashe ubansu. Manu ya kwashe ta da shanunsu shekaranjiya, sun koma Basirka wurin danginta.

Ni na roƙe ka ka wanke ta. Ko da injinka ya faɗi haka, ba sai ka hau mota ka zo mu zauna ba? Kano zuwa Birnin Kudu tafiyar shekara ce? Ka fi jin tsoron Baturen ofishinku a kan kunyar matar da ta goya ka. Wallahi na ji kunyar zama yayarka.

Ban da wannan, Turai tana kwance tun ranar Juma'a, ciwon nan ne. Ka yi mata addu'a idan injinka ya bar maka lokaci.

Ruƙayyatu.

*

Basirka, ƙasar Gwaram,
9 ga Agusta, 1976.

Daga Hajjo matar marigayi Hambali, ta hannun Malam Ɗanbala mai rubuta wasiƙa, zuwa ga Malam Abdulsalami ma'aikacin gwamnati a Kano.

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaishe ka, ina gaida manyanka na ofis, ina gaida injinka.

Na ce da Malam Ɗanbala ya rubuta Malam a gaban sunanka, don an ce mini yanzu ka girma. Ni dai na san wani Abdulsalami da ba ya barci sai ya riƙe kunnena. Ban san ko shi ne ba.

Ba roƙo na zo yi ba, tambaya ce. An ce injinka yana gani da hasken da ido ba ya gani. To, ka tambayar mini shi. Nonon da na ba Ruƙayya ranar nan, daga cikinsa na ɗebi na jikokina kafin in fito. Su bakwai ne, kullum shi suke sha safe da yamma. Wanne ne ya kwanta a cikinsu? Manu yana sha, matarsa mai ciki tana sha, ni da na tsufa ina sha. Ko cutar taku ta san Bafulatani ne take tsallake shi?

Ka kuma tambaye shi wannan. Ni tun da nake ban taɓa tsarma wa nono ruwa ba, kowa ya sani, shi ya sa nawa yake da kauri har masu saye su ce in ba su ruwa su sirka. Ni ba na ɗauko ruwa daga Unguwar Ya, ƙwarya ma ta ishi wuyana.

Ƙorai ba komai ba ne, duma yana fitowa kowace damina. Sunana nake magana. A nan Basirka, garin da aka haife ni, jiya na je suna, na miƙa hannu zan taya dama fura, matar gidan ta janye ƙwaryar tana dariyar yaƙe ta ce in huta. Ni Hajjo. Shekarata sittin ba a taɓa janye mini ƙwarya ba.

Ban yi maka baki ba, ba kuma zan yi ba, don nonona yana jikinka. Amma ban sa maka albarka a wannan takarda ba, kada Malam Ɗanbala ya ƙara da kansa.

Wassalam.
Hajjo.

Ƙarin bayani daga marubuci: Malam, na rage wasu kalmomi saboda girmanka. Ɗanbala.

*

Kano,
15 ga Agusta, 1976.

Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Turai? Na ba Maikuɗi magani, ki kai wa likita ya gani kafin a ba ta. Kuma tun daga yau kada kowa a gidan nan ya sha ruwan da ba a tafasa ba.

Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Wasiƙarki da ta Inna sun hana ni sukuni. Turai ba ta shan nono, tun tana ƙarama ko warinsa ba ta so, ke kanki kin sha yi mata faɗa a kan haka. Jikokin Inna bakwai suna sha, ba abin da ya same su. Sai na tuna da kwalba mai farin zare. Laifina na farko ke nan, zan faɗe shi da bakina: ranar da kwalaben suka dawo, na jefa ta cikin firji ban duba ba. Na ga zanen nono ya hau kan na marasa lafiya layi bisa layi, kaina ya kumbura, na ce inji ya yi magana. Duk wanda ya koya mini aikin nan ya ce a fara duba shaida. Ban duba ba.

Ranar Laraba na ɗauko ta. Kwalbar da na dafa na busar da hannuna, sai ga ɗigon ruwa kwance a gindinta. Toshiyar ma ba yadda na sa ta take ba. Na shuka ɗigon a faranti, ya tsiro. Na busar, na sa a inji, na tsaya ina kallon alƙalami yana jan layin nan da na riga na haddace, yana nutsewa daidai inda nake tsoron ya nutse. Ƙwayar ce. A cikin kwalbar da nono bai taɓa shiga ba.

Yaya, ba na son kwana-kwana. Wa ya buɗe kwalba mai farin zare? Wane ruwa ne a ciki? Mai jan zaren ma an sa mata shi kafin a zuba nono? Kin ce kin ji kunyar zama yayata, na karɓa. Yanzu ke ma ki amsa mini, don an fasa wa tsohuwa ƙorai a kan wannan ɗigon.

Abdulsalami.

*

Birnin Kudu,
19 ga Agusta, 1976.

Ƙanena,

Muna lafiya. Turai ta fara shan kunu, alhamdu lillahi.

Ni na buɗe. Ni na ɗauraye su, duka biyun. Ka ji daɗi?

Ka aiko mini da kwalabe daga ɗakin da kuke kiwon cuta, na cire toshiya na ji suna warin asibiti. Kana so in zuba abincin Inna a ciki haka nan? A gidan wa aka taɓa zuba abin sha a mazubin da ba a ɗauraye ba? Ta biyun kuma na ga tunda hannuna yana cikin ruwa, ba zan mayar maka da kaya ba wanki kamar wata ƙazama ba. Ka cika shafi guda kana yi mini lacca a kan garwashi da kitse da sukari, amma layi ɗaya da zai ce "kada ki wanke" ya gagare ka. Ka ce kada yatsa ya taɓa baki, ban taɓa ba. Kai ka girma a gidan nan, ka san ko sabon kofi aka sayo daga kanti sai mun ɗauraye. Ka je makaranta ka manta yadda yayarka take.

Da ruwan randa na ɗauraye. Ruwan randa kuma daga rijiyar Baba yake. Na san abin da kake lissafawa, ni ma tun jiya nake lissafa shi, ko abinci ban iya ci ba. Masu sayen fura da gugan rijiyar nan suke sirka nonon Inna, a nan suke ɗauraye ludayi.

Tunda ana tone-tone, bari in tone naka. Shekara talatin rijiyar nan tana ba unguwa ruwa, ko ciwon kai ba ta taɓa sa wa kowa ba. Me ya canza? Bara da aka yi muku ƙarin albashi ka zo ka ce tsohuwar shaddarmu abin kunya ce, ka sa aka haƙa sabuwa mai siminti a bayan soro. Na auna ɗazu da ƙafata, taku tara ne tsakaninta da rijiya. Kai mai ilimin ƙwayar cuta kai ka nuna wa mahaƙa wurin.

Yanzu me za ka yi? Idan ka rubuta, za su rufe rijiyar da Baba ya haƙa sadaka, sunansa ne a jikin simintin. 'Ya'yan Malam Iliyasu za su juyo kanmu. Hedimasta zai ji cewa malamar da ke koyar da tsafta ita ta ɓata gwaji. Kai ma ba lalle su bar ka a kujerarka ba. Na kwana ina neman hanyar da za a toshe shaddar a yi shiru, na kuma samo ta, ba wuya.

Sai dai na kasa manta yadda ta ce "To."

Ka rubuta. Ka sa sunana daidai, da ƙ mai lanƙwasa. Amma kada ka yi tsammanin na huce da kai.

Yayarka,
Ruƙayyatu.

*

Kano,
30 ga Agusta, 1976.

Zuwa ga Innata Hajjo, ta hannun Malam Ɗanbala.

Inna, ina durƙushe ina gaishe ki. Ina gaida Manu da iyalinsa.

Nononki ba shi da komai. Cutar tana cikin rijiyar gidanmu, ni na jawo ta da shaddar da na sa aka haƙa, ni kuma na yi gaggawar sa hannu a takarda ban gama aikina ba. Na je da kaina na ɗebo ruwan rijiyar na gwada, zanen ɗaya ne. An rufe ta ranar Alhamis. Na rubuta wa ofishin lafiya takarda ta biyu mai wanke ki, sun janye hanin da suka yi miki. A wurin aiki an ba ni takardar gargaɗi, an kuma ɗauke ni daga kan injin wata shida. Ya yi mini kaɗan.

Na iso har tashar Gwaram ranar nan, na kasa ƙarasowa, na juya. Ki yafe mini, Inna. Ki koma gindin durumi.

Ɗanki,
Abdulsalami.

*

Basirka,
6 ga Satumba, 1976.

Daga Hajjo zuwa ga Abdulsalami.

Sallama. Malam Ɗanbala ya karanta mini, na sa ya maimaita.

Na aiki Manu Birnin Kudu ya gano mini takardar taka ta biyu. Ya same ta. An manna ta a ƙofar ofis, da Turanci, ruwan sama ya riga ya cinye rabinta. Ta farko da maroƙi aka karanta ta ranar kasuwa, da Hausa, har kurame sun ji. Wato zagi a kasuwa, ban haƙuri a bayan ƙofa.

Mutanen da ke sayen nonona ba sa karanta takarda, ido suke da shi. Ranar kasuwa mai zuwa zan shimfiɗa tabarmata inda aka fasa mini ƙorai. Ka zo da wandon nan naka na ma'aikata da takalmi mai igiya, ka zauna a ƙasa, ka sha ludayi uku kowa yana kallo. Ruƙayya ma ta zo da nata ludayin. Idan ka sake juyawa daga tasha, kada ka ƙara rubuto mini.

Hajjo.

*

Unguwar Ya,
20 ga Satumba, 1976.

Abdulsalami,

Sallama. Wani malami ne a nan ya rubuta mini, ba ya rage magana.

Ka zo, ka sha, na gani. Amma wane irin mutum ne kai? Ka ajiye ludayi ka ruga ka hau motar la'asar, wai gobe Litinin akwai ofis. Tun daga ranar ba wanda ya sake ganin ka. Yanzu duk kasuwa ana cewa cikinka ne ya murɗa ka gudu, kana kwance a asibitin Kano ana ƙara maka ruwa. Wata ma ta rantse ta ga wanda ya ga gawarka. Ruƙayya tana sha kullum a gabansu, sun ce ita ai ta saba. Jiya mutum biyu suka saya, ɗaya baƙo ne.

Karatun nan naka dai bai koya maka gama aiki ba. Ka nemi hutu ka dawo, kwana bakwai. Kullum ka sha da safe, ka wuni kana yawo a gari a gan ka da ƙafafunka.

Ban yafe ba tukuna. Amma na sa an share maka ɗakin Manu.

Innarka,
Hajjo.